Sauti Biyar da Kod Bakwai: Lacca kan Kiɗan Jaz ga Makaɗan Jazira da Bakin Nilu



Malamaina da iyayena da ke zaune a sahun gaba, ina neman izininku. Ƙannena masu org da masu ud da masu jita, na nan Mai Wurno da waɗanda suka taso daga Sinnar da Sinja da kambunan Jazira, sannunku da hanya. Na san yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa ƙungiyoyin kiɗa da dama, wasu kuma kayan sana'arsu ma ba su tsira da su ba. Allah ya mayar da alheri, ya zaunar da ƙasa lafiya.

Waƙa ɗaya za mu buɗe yau, mu duba cikinta. Dalili kuwa shi ne ƙorafin da matasan makaɗa suke yawan yi. Yaro zai kunna kiɗan jaz a wayarsa, ya ɗauki org ya bi shi da tsanin da ya sani. Da farko abin ya zauna daram, har ya fara murmushi. Can sai a iso wani wuri ya ji yatsansa ya taka sautin da ke karo da kiɗan. Daga nan ɗayan biyu: ko ya ce wannan kiɗa ba namu ba ne ya ajiye, ko ya watsar da abin da ya gada ya shiga haddar tsanukan Turawa ba ji ba gani. Ni kuwa abin da na zo faɗa shi ne, sautuka biyar da ka tashi da su sun ɗauke maka fiye da rabin aikin. Amfanin nazarin kod shi ne ya nuna maka inda biyar ɗin nan suka wadatar, da ɗan wurin da dole ka aro wani sauti, da dalilin aron.

Abin da kunnenmu ya tashi da shi

Kakanninmu sun iso bakin wannan kogi na Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Wasu sun biyo hanyar hajji suka tsaya. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya jawo wasu dubbai. Sun zo da garaya da goge da kalangu, sun tarar da tambur mai tsirkiya biyar da dalluka. Abin da ya sauƙaƙa haɗuwar shi ne, akasarin waƙar Hausa da akasarin waƙar Sudan a kan tsani ɗaya suke tafiya, wato sullam khumasi, tsani mai hawa biyar. A'isha Fallatiya, 'yar malami ce daga cikin jama'armu, ta shiga gidan rediyon Omdurman a 1942 lokacin da mace ba ta waƙa a can, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata ud. Ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa, ba ta sauya maƙogwaro ba. Garin Madani da ke kusa da mu ya fitar da Ibrahim al-Kashif da Muhammad al-Amin, kuma duk ƙwarewar Muhammad al-Amin a kan ud, a cikin biyar ɗin nan ya yi ta.

Akwai abu biyu game da wannan gado da za mu riƙe. Na farko, tsaninmu ba shi da rabin taki. Tsakanin kowane sauti da maƙwabcinsa akwai taki guda cikakke ko taki ɗaya da rabi. Na biyu, kiɗanmu yana kafa gida ɗaya ya zauna. Jagora ya tafi ya dawo, 'yan amshi su karɓa, ganga ta sauya salo, amma ƙasan waƙar ba ya motsi. Ko abin da ake kira jaz a Khartoum, irin na Sharhabil Ahmad wanda matarsa Zakiyya take riƙe da jita a ƙungiyarsa, an ɗauko jita da sakasfon da gangunan zamani ne aka ɗora wa waƙar gida. Jaz ɗin Amurka kuwa, musamman na shekarun 1940 da 1950, ƙasansa tafiya yake yi. Kusan kowace mazura, wato ɗan awon lokaci a kiɗa, kod yana sauyawa, kuma abin da ke jan wannan kod zuwa wancan shi ne rabin takin da tsaninmu ba shi da shi. A nan gizo yake saƙar.

Waƙar da kod ɗinta

Waƙar da na zaɓa ita ce "Autumn Leaves". Joseph Kosma ne ya tsara ta a Faransa a 1945, daga baya Johnny Mercer ya sa mata baitocin Ingilishi, makaɗan jaz suka mayar da ita allon koyon karatu. Wanda zai saurara ya nemi faifan Cannonball Adderley mai suna Somethin' Else na 1958, inda Miles Davis yake busa ƙaho, Hank Jones yana kan fiyano, Art Blakey yana kan ganguna. A gidan Sol ƙarami suka kaɗa ta, mu ma a nan za mu tsaya. Zan yi amfani da sunayen da muka saba, Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si. A takardun jaz za ku ga an rubuta su C, D, E, F, G, A, B.

Kod sautuka ne uku ko huɗu da ake bugawa lokaci guda. A jaz huɗu ne galibi: saiwa, sai na uku daga saiwar, sai na biyar, sai na bakwai. Waƙar tana da mazura 32, kashi huɗu, takwas takwas. Kashi na farko da na biyu iri ɗaya ne, kuma ga kod ɗinsu:

Cm7: Do, Mi bemol, Sol, Si bemol
F7: Fa, La, Do, Mi bemol
B♭maj7: Si bemol, Re, Fa, La
E♭maj7: Mi bemol, Sol, Si bemol, Re
Am7♭5: La, Do, Mi bemol, Sol
D7: Re, Fa diyez, La, Do
Gm: Sol, Si bemol, Re, mazura biyu

Ku fara duban saiwoyin kawai: Do, Fa, Si bemol, Mi bemol, La, Re, Sol. Kowace tana gangarowa hawa biyar zuwa ta gaba. Manomin hawasha, wato gonar Jazira, ya san wannan tsari tun kafin ya ga org: ruwa ya baro madatsar Sinnar, ya bi babbar tur'a, wato magudana, ya shiga ƙarama, ya faɗa abu ishirin, ya faɗa abu sitta, sannan ya kwanta a gona, kuma kowane mataki gangare ne zuwa na gabansa. Wuri ɗaya ne gangaren bai cika ba, tsakanin Mi bemol da La, inda tazarar ta gaza da rabin taki. Wannan gurbi shi ne mahaɗar gida biyu.

Gida biyun su ne Si bemol babba da Sol ƙarami. A tsanin Si bemol, Do shi ne hawa na biyu, Fa na biyar, Si bemol na ɗaya. Don haka kod uku na farko su ne abin da makaɗan jaz suke kira biyu, biyar, ɗaya. A tsanin Sol kuma La ne na biyu, Re na biyar, Sol na ɗaya, wato kod uku na ƙarshe su ma biyu, biyar, ɗaya ne, sai dai a gida ƙarami. E♭maj7 yana tsakiya, na duka gidajen ne, shi yake miƙa ka daga wannan zuwa wancan. Kun ga kod bakwai sun koma jimla biyu da gada ɗaya. Kashi na uku na waƙar jimlolin nan ne aka juya, a fara da ta Sol a bi da ta Si bemol. Kashi na huɗu ya sake komawa Sol, da 'yar gangara a tsakiya wadda kowace ƙungiya take ƙawatawa yadda ta so. Wanda ya gane biyu, biyar, ɗaya a nan zai tarar da ita a ɗaruruwan waƙoƙin jaz.

Sauti biyu da ke riƙe da kowane kod

A cikin sautuka huɗun kod, saiwa aikin mai bas ce, na biyar kuma ana iya zubar da shi ba a rasa komai ba. Na uku da na bakwai su ne masu faɗin ko wane ne kod ɗin. Mai org ya gwada wannan yanzu. Hannun hagu ya riƙe saiwa kaɗai. A hannun dama, babban yatsa ya hau Mi bemol, ƙaramin yatsa ya hau Si bemol da ke samansa. Cm7 ke nan. Bar babban yatsa inda yake, zame ƙaramin daga baƙin maɓalli zuwa farin da ke hagunsa, La. Ka shiga F7. Yanzu ƙaramin ya tsaya, babban ya zame daga Mi bemol zuwa Re. Ka iso B♭maj7. Ƙarami ya sauko Sol, ga E♭maj7. Babba ya sauko Do, ga Am7♭5. Ƙarami ya zame daga Sol zuwa baƙin da ke jikinsa, Fa diyez, ga D7. A ƙarshe duka biyun su motsa, Do ya sauka Si bemol, Fa diyez ya hau Sol, an iso gida.

Hannunka bai yi tsalle ko sau ɗaya ba, yatsa ɗaya yake motsi ɗaya yana jira in ban da matakin ƙarshe, amma duk wanda ya san waƙar zai gane ta. Dogayen sautukan da amon waƙar yake tsayawa a kansu ma su ne na babban yatsanka: Mi bemol, Re, Do, Si bemol. Kosma a kan na ukun kod ya kafa waƙarsa.

Ku lura da F7 da D7. A F7, tsakanin La da Mi bemol taki uku ne cif. A D7, tsakanin Do da Fa diyez haka. Wannan tazara kunne ba ya iya zama a kanta, sai ya nemi mafita, kuma mafitar rabin taki ce: Mi bemol ya faɗa Re, Fa diyez ya hau Sol. Duk ƙarfin da ke tura waƙar gaba daga nan yake fitowa. A tsaninmu mai biyar babu sautuka biyu da ke da wannan tazara, shi ya sa waƙarmu take iya zama a gida ɗaya tsawon dare ba ta gundure kowa ba.

Inda biyar ɗinmu suka isa da inda suka gaza

Tsanin Sol mai biyar shi ne Sol, Si bemol, Do, Re, Fa. In ka fara shi daga Si bemol ya zama tsanin Si bemol babba mai biyar. Sautuka ɗaya ne suke hidimar gida biyun, shi ya sa yaron da na ambata ya ji abin ya zauna masa da farko. Bari mu ɗora su a kan kowane kod.

A kan Cm7, B♭maj7, E♭maj7 da Gm, babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ke karo. A kan E♭maj7 ma sun fi ko'ina daɗi, domin Sol na uku ne, Re na bakwai, Fa na tara, kuma saiwar ba ta cikinsu, sai amon ya yi sama-sama. Mazura biyar ke nan cikin takwas, kana kaɗa abin da ka gada ba tare da ka canza komai ba.

Saura uku. A kan F7, Si bemol yana goga da La na kod ɗin. Wucewa ta kansa ba laifi, tsayawa ne ke cizo. Maganin sauti ɗaya ne: ɗauke Si bemol ka sa La, sai ka sami Fa, Sol, La, Do, Re. Wannan ma khumasi ne da ka sani, an dai matsar da shi. A kan Am7♭5, Si bemol ya sake goga da saiwa, don haka La ya ci gaba da zama, Fa kuma ya sauko Mi bemol: La, Do, Re, Mi bemol, Sol. A kan D7 ne babban gwaji. Sol, wanda shi ne gidanka, a wannan mazura shi ne baƙo, domin yana zaune rabin taki a saman Fa diyez. In ka dage a kansa ka riga waƙar isa gida, ka kashe marmarin isowar. Riƙe Re, Fa diyez, La, Do, in kana son ɗaci ka ƙara Mi bemol, sannan ka saki Sol a mazurar da ke biye.

Jimillar bashin da za ka ci sautuka uku ne: La, Mi bemol da Fa diyez. Mai ud ya fi kowa sauƙin samunsu tunda wuyan ud ba shi da ƙarafan da ke raba sauti, yatsa ne kawai zai ja baya kaɗan. Wahalarsa a kunne take. Hannun da ya shekara yana tsallake waɗannan wurare zai so ya ci gaba da tsallakewa, ko ya taɓa Fa diyez a ƙasa da inda yake. Sai an rera shi da baki ya zauna kafin yatsa ya same shi.

Wani zai ce, to ai na ji manyan makaɗa suna busa Fa a kan D7, ba su sa Fa diyez ba. Gaskiya ne. Wannan gogayya ta Fa da Fa diyez ita ce ɗanɗanon bulus, kiɗan baƙaƙen Amurka da jaz ya tsiro daga cikinsa, kuma shi ma a kan tsani mai biyar ya ginu. Bambancin shi ne, su sun san abin da suke gogawa, sun san lokacin da za su sake shi. Mai yi da sani yana jan Fa ɗin, ya lanƙwasa shi, ya sauko Re ko Do. Mai yi da rashin sani yana tsayawa a kai yana jiran kiɗan ya gyaru da kansa.

Yadda za a yi aikin

Ku zauna biyu biyu, ɗaya ya riƙe kod ɗaya ya yi yawo, sannan ku yi musaya. Zagaye na farko a rera saiwoyi bakwai da baki, ba kayan kiɗa. Na biyu a kaɗa layin babban yatsa kaɗai, sauti ɗaya a mazura, sannan layin ƙaramin yatsa. Na uku a kaɗa khumasin Sol daga farko har ƙarshe, da gangan, a saurari wuraren da ya ciza har kunne ya riƙe su. Na huɗu a ci gaba da khumasin, amma a bugun farko na F7 a sauka kan La, a bugun farko na D7 a sauka kan Fa diyez. Sauran mazurar ka yi abin da ka ga dama. Za ku yi mamakin yadda sautuka biyu kacal suke sa a ji mutum yana tafiya tare da waƙar.

Kada ku cika kowane gurbi. Ku saurari Miles a faifan da na ambata, ku ƙirga yawan wuraren da ya yi shiru ya bar bas da ganga. Tsarin jagora da amshi da muka sani yana aiki a nan sosai: mazura huɗu na gidan Si bemol su zama kira, huɗu na gidan Sol su zama amsa. In an ƙware a Sol, a ɗauke waƙar a kai ta Mi ƙarami, inda littattafai da yawa suke rubuta ta. Lambobin ba sa canzawa, biyu, biyar, ɗaya ne dai.

Su ma sun zo neman namu

Kada wani ya fita daga nan da tunanin cewa kiɗa mai yawan kod ya fi mai gida ɗaya daraja. A faifan 1958 ɗin nan, kafin su shiga waƙar sai da suka daɗe suna jujjuya ɗan amo ɗaya a kan Sol, kuma da shi suka rufe. Shekara guda bayan haka Miles ya fitar da Kind of Blue, inda waƙar "So What" take da mazura 32 da kod biyu rak: 16 a kan Re, 8 a kan Mi bemol, 8 a koma Re. McCoy Tyner, mai fiyanon John Coltrane, a kan tsanuka masu biyar ya gina salon da har yau ake kwaikwayo. Yusef Lateef, Musulmi mai busa sakasfon da sarewa, ya baro Amurka ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. A maƙwabciyarmu Habasha, Mulatu Astatke ya yi karatu a makarantar Berklee ta Boston, ya koma ya shimfiɗa kod ɗin jaz a ƙarƙashin tsanukan ƙasarsa masu biyar, waɗanda wasunsu suna da rabin taki a ciki. Ko haɗa sautuka daga bakuna daban-daban ba baƙo ba ne a wannan yanki. Kudu da Damazin, mutanen Barta suna busa waza, ƙahonin duma goma ko fiye, kowane mutum da sautinsa ɗaya, waƙar kuma ba ta fita sai kowa ya shigo a daidai lokacinsa.

Don haka aikin da nake bar muku ya wuce "Autumn Leaves". Kowa ya ɗauki waƙar biki ɗaya da ake yi a garinsu, ta Hausa ko ta kiɗan tumtum, ya rubuta dogayen sautukan da take tsayawa a kansu. Ga kowane dogon sauti ya tambayi kansa: na ukun wane kod ne wannan, ko na bakwan wanne? Sol ɗaya tak yana iya zama na biyar a Cm7, na uku a E♭maj7, na bakwai a Am7♭5. Mai waƙa ba zai canza ko gaɓa ɗaya ba, tsofaffi za su gane waƙarsu, amma mai org da ya saba danne kod ɗaya daga farkon hafla zuwa ƙarshenta zai sami hanyoyi uku ko huɗu a ƙarƙashin baiti guda. Wani wurin zai tarar waƙar ta ƙi kod ɗin, ta fi son zamanta a gida ɗaya. Ya bar ta haka, domin wannan ma sakamakon nazari ne.

 Masu kayan kiɗa su matso gaba, mu fara da rera saiwoyin nan bakwai, tambayoyi kuma su biyo baya.